Ƙwallon jami'o'in Amurka: wani na raino, wani na ɗauka

A garin Tuscaloosa da ke jahar Alabama, kudancin Amurka, mutane kimanin dubu 100 ne ke zaune. Filin wasan jami'ar garin shi ma yana ɗaukar ƴan kallo kimanin dubu 100. Na jami'ar Mishigan ya zarce haka, domin kujerunsa dubu 107 da 601 ne, wato ya ninka filin Seyni Kunce na Yamai fiye da sau biyu. Waɗanda ake cika waɗannan filaye domin kallonsu kuwa ɗalibai ne, samari ƴan shekara 18 zuwa 23, waɗanda ranar Litinin da safe ake jiran su a aji.

Wasan da suke yi ba tamolar da muka sani ba ce. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa ana jefawa, ƴan wasa 11 a kowane ɓangare suna sanye da kwalkwali da sulken kafaɗa, ana ture juna ana kayarwa har a kai ƙwallon ƙarshen fili. A jami'a aka haife shi: karawar farko an yi ta ranar 6 ga Nuwamba 1869 tsakanin Rutgers da Princeton. Kuma har yau jami'a ce hanyar da kusan kowa ke bi kafin ya zama ƙwararre, domin babbar gasar ƙwararru ta NFL ba ta da makarantun rainon yara irin na kulob-kulob ɗin Turai, kuma dokarta ta hana ɗaukar yaro sai ya cika shekara uku da gama lise. Saboda haka jami'o'i sama da 130 da ke babban rukuni su ne ke nemo yaran, su ne ke horar da su, su ne kuma ke ba su sunan da za su shiga duniya da shi.

Shekara da shekaru waɗannan ayyuka uku suna tafiya tare domin akwai igiyar da ta ɗaure su: yaro ba ya da ikon karɓar kuɗi, kuma ba ya da ikon tashi lokacin da ya ga dama. An tsinke wannan igiya a 2021. Abin da ya biyo baya ya cancanci duk wanda ya taɓa koya ma yaro sana'a ya tsaya ya duba.

Zawarci

Aikin yana farawa tun yaro na lise. Samari kimanin miliyan ɗaya ne ke buga wannan wasa a makarantun sakandaren Amurka, galibi daren Juma'a, kuma akwai kamfanoni irin su Rivals da 247Sports waɗanda ba su da wata sana'a sai bin su da auna su: tsawo, nauyi, gudun yadi 40, faifan wasanninsu. Daga nan sai a ba kowa taurari, daga biyu zuwa biyar. Masu taurari biyar ba su wuce talatin da ƴan kai ba a shekara, a ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 330. Irin waɗannan, tun suna da shekara 15 wasiƙun jami'o'i ke cika gidan iyayensu.

Zawarcin kansa da wuya mai karatu ya raba shi da neman aure. Mai horo, wanda sau da yawa albashinsa ya fi na gwamnan jaharsa nesa ba kusa ba, shi da kansa zai hau jirgi ya je gidan yaron, ya zauna a falo, ya ci abincin da uwar ta dafa, ya yaba ko bai ji daɗinsa ba. Zai yi ma uba alƙawarin cewa ɗansa zai fito da digiri, ya yi ma yaron alƙawarin cewa zai sa shi a fili. Sannan a gayyato iyalin duka su kwana biyu a jami'ar, a nuna musu ɗakin motsa jiki da wurin cin abinci da kofunan da aka ci. Ranar sa hannu, wadda a al'ada take faɗowa Larabar farko ta Fabrairu, kafin a ƙara wani zango a Disamba daga 2017, sai yaro ya jera hulunan jami'o'in da ke nemansa a kan tebur gaban kyamara, ya ɗauki ɗaya ya sa. Manya masu furfura a wasu jahohi suna barin aiki domin su ga wace hula ɗan shekara 17 zai ɗauka.

Ba wauta ce zalla ba. Wani ɗan jarida mai suna Bud Elliott ya daɗe yana lissafi, ya kuma nuna cewa shekara bayan shekara ƙungiyar da ke cin kofin ƙasa tana fitowa ne daga cikin ƴan tsirarun da fiye da rabin yaran da suka ɗauka cikin shekara huɗu masu taurari huɗu ko biyar ne. Su kuwa irin waɗannan yara ba ko'ina suke ba, sun fi taruwa a Tekzas, Fulorida, Jojiya, Kaliforniya da sauran jahohin kudu. Wanda gonarsa ke bakin gulbi ya riga ya fi wanda ke jiran ruwan sama.

Wanda jami'a ta yarda ta nema shi ma yana nuna halinta. A 1963 gwamnan Alabama, George Wallace, ya tsaya da kansa a ƙofar wani zauren jami'ar Tuscaloosa domin ya hana ɗalibai baƙar fata biyu rajista. Shekara bakwai bayan haka babbar ƙungiyar jami'ar duk farar fata ce, ga kuma jahar cike da samari baƙaƙe gwanayen wasa waɗanda ke tafiya arewa da yamma su yi ma wasu aiki. Ranar 12 ga Satumba 1970 jami'ar USC ta Kaliforniya ta zo Birmingham da ƙungiyarta ta gamin gambiza, ta lallasa Alabama da ci 42 da 21, wani baƙar fata mai suna Sam Cunningham yana ratsa su kamar ba kowa a gabansa. Ana yawan cewa wannan dare ne ya buɗe ƙofar. An ɗan ƙara gishiri, domin mai horon Alabama, Paul Bryant, ya riga ya ba Wilbur Jackson burs kafin wasan. Amma dai kashin da aka sha ya rufe bakin masu gardama, kuma a 1971 John Mitchell ya zama baƙar fata na farko da ya shiga fili da rigar Alabama. Cikin shekarun 1970 ƙungiyar ta ci kofin ƙasa sau uku.

Inda duk ake rububi irin wannan, kuɗi ba ya rasa hanyar shiga ta bayan gida. Dokar hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta ce abin da yaro zai samu shi ne burs: kuɗin karatu, ɗaki, abinci, littattafai. Attajiran da suka yi karatu a jami'ar kuwa suna da nasu tunanin. A 1987 hukumar ta soke kakar wasan jami'ar SMU ta Dallas ɗungurungum bayan an tabbatar ana biyan ƴan wasa a ɓoye, kuma gwamnan Tekzas na lokacin, Bill Clements, ya amsa cewa da saninsa aka ci gaba da biyan sa'ad da yake shugabantar majalisar jami'ar. SMU ta yi shekara 20 ba ta farfaɗo ba.

Raino

To wanda gonarsa ba ta bakin gulbi fa? Amsar da ta fi kowace kyau daga Nebraska ta fito, jahar masara da shanu a tsakiyar ƙasar, wadda mutanenta ba su kai miliyan biyu ba a zamanin da muke magana. A 1969 mai horonta, Bob Devaney, ya ɗauki wani saurayi mai suna Boyd Epley ya ba shi aiki ɗaya tak: gina jikin ƴan wasa ta hanyar ɗaga ƙarfe. A lokacin yawancin masu horo sun yi imani ɗaga ƙarfe yana sa jiki nauyi ya rage gudu, har Devaney ya gargaɗe shi cewa in mutum ɗaya ya rage gudu to ya bar aikin. Nebraska ta ci kofin ƙasa a 1970 da 1971. Yau babu jami'ar da ba ta da irin wannan ma'aikaci, wasu ma albashinsu ya kai miliyan ɗaya na dalar Amurka a shekara. (Mai karatu ya lura: duk inda aka ce dala a wannan shafi, ta Amurka ake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba.)

Ƙarfe rabin sirrin ne. Sauran rabin shi ne ƴan sa-kai, wato yaran da ba wanda ya nema, ba wanda ya ba burs, suka zo da kansu suna biyan kuɗin karatu suna roƙon a bar su su yi atisaye. Ɗiyan manoma daga ƙauyukan Nebraska, waɗanda tun suna goye suke jin wasannin ƙungiyar a rediyo, sukan zo da yawa kowace shekara. Akwai kuma dokar da ta ba ɗalibi shekara biyar ya buga kaka huɗu a ciki, don haka shekarar farko sai a ajiye shi gefe, ba ya shiga fili, sai ci da ɗaga ƙarfe da koyon dabaru. Yaron da ya zo siriri yana ɗan shekara 18, kafin ya kai 22 ya zama ƙato wanda ya maimaita motsi ɗaya sau dubbai tare da mutum huɗun da ke gefensa. Tom Osborne, wanda ya gaji Devaney a 1973, ya gina salon wasansa a kan haka: ba a cika jefa ƙwallo sama ba, a ƙasa ake gudu da shi, ana ture abokan gaba har su gaji. Salo ne da ke son haƙuri da jiki fiye da baiwa, kuma abin da jahar ke da shi ke nan. Daga 1993 zuwa 1997 Nebraska ta ci wasa 60, an cinye ta sau 3 kacal, ta ɗauki kofi a 1994, 1995 da 1997.

Abin da ya faru daga baya shi ma darasi ne. A 2003 magabatan jami'ar suka kori magajin Osborne, Frank Solich, alhali ya ci wasa 9 cikin 12, wai suna son abin da ya fi haka. Suka kawo Bill Callahan daga NFL, ya sauya salon zuwa na jifa irin na ƙwararru, ya rage yawan ƴan sa-kai. A 2004 ƙungiyar ta gama kaka da shan kashi fiye da ci, abin da ba a gani ba tun 1961. Rabonta da cin kofin rukuninta ma tun 1999. A ganina ba mai horo kaɗai suka sauya ba, sun jefar da hanyar da ta dace da ƙasarsu suka shiga kasuwar da Tekzas da Fulorida suka fi su jari a ciki. Ƴan kallo ne kawai ba su sauya ba: tun 1962 babu wasan gida da tikitinsa bai ƙare ba.

Raino yana iya yin abin mamaki. J.J. Watt taurari biyu aka ba shi. Ya bar burs ɗinsa a wata ƙaramar jami'a, ya yi aikin kai ma mutane abinci gida-gida, ya shiga Wisconsin a matsayin ɗan sa-kai a 2008. A 2011 shi ne na 11 da aka zaɓa a NFL, inda sau uku aka naɗa shi gwarzon masu tsaron baya. Na Ezekiel Ansah ya fi ban mamaki. Ɗan Akara ne, ƙasar Gana, ya je jami'ar BYU a 2008 domin karatu. Ya nemi shiga ƙungiyar ƙwallon kwando sau biyu ba a ɗauke shi ba, ya koma tsere, sai a 2010 ya taɓa wannan wasa, bai ma san yadda ake ɗaura sulken ba. A 2013 ƙungiyar Detroit ta zaɓe shi na biyar a duk ƙasar.

Sai dai kada waɗannan labarai su ruɗi kowa. Bisa lissafin NCAA kanta, waɗanda ke kaiwa NFL ba su cika kashi 2 bisa 100 na ƴan wasan jami'a ba. Saura suna fita da digiri in sun yi sa'a, da gwiwa ko kafaɗa mai ciwo, wani lokaci da lahanin ƙwaƙwalwa daga yawan karo.

Mutumin da ya haɗa zawarci da raino wuri ɗaya har ya gagari kowa shi ne Nick Saban. Alabama ta ɗauke shi a Janairun 2007 kan kwantiragin dala miliyan 32 na shekara takwas, mutane suka yi ta cewa an yi hauka. Kakarsa ta farko ci 7 ne da kashi 6. Amma a Fabrairun 2008 ya kwaso yara irin su Julio Jones da Mark Ingram, a kakar 2009 ya ɗauki kofi, ya kuma ƙara a 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020. Cinikinsa da yaro a bayyane yake: ka zo ka zauna a benci shekara ɗaya ko biyu bayan wanda ya fi ka, ka sha wuya a atisaye da mafi gwanintar ƙasar, ni kuma in kai ka NFL. Ya cika alƙawari, domin sama da 40 cikin yaransa na Alabama an zaɓe su a zagayen farko. Ita ma jami'ar ba ta yi asara ba: ɗalibanta sun tashi daga kimanin dubu 25 zuwa kusan dubu 40 a zamaninsa, da yawansu daga wasu jahohi, masu biyan kuɗin karatu mafi tsada.

Sunan gida

Abu na uku ya fi wuyar aunawa. Ɗan wasa shekara huɗu yake yi ya tafi, don haka ba mutum ake bi ba, riga ake bi. A Texas A&M ɗalibai a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe, tunawa da wani ɗalibi da aka kira daga cikin ƴan kallo a 1922 ya sa riga ya tsaya gefen fili ko za a buƙace shi. A Penn State al'adar ita ce ba a rubuta sunan ɗan wasa a bayan rigarsa. Wani lokaci abin yakan wuce hankali: bayan Auburn ta doke Alabama a 2010, wani mai goyon bayan Alabama ya zuba guba a gindin tsofaffin itatuwan da mutanen Auburn ke taruwa ƙarƙashinsu suna murna. Ya yi zaman kurkuku, itatuwan kuma aka sare su a 2013. Wannan so ne ke sa tsohon ɗalibi ya buɗe aljihu, shi ke sa ɗan manomi ya zo sa-kai, shi ne kuma kayan da gidajen talabijin ke saye: rukunin Big Ten kaɗai ya sayar da wasanninsa kan kimanin dala miliyar 7 na shekara bakwai daga 2023.

Ranar da igiya ta tsinke

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saban yana ɗaukar sama da dala miliyan 11 a shekara a ƙarshen aikinsa, kuma shi da sauran masu horo suna iya barin jami'a duk ranar da wata ta ƙara musu. Yaron da ake fasa ma kai kuwa, ko sa hannu ya yi ma wani a kan riga ya karɓi kuɗi, hukunci ne. In ya so sauya jami'a sai ya nemi izini, sannan ya zauna shekara ɗaya ba wasa. Reggie Bush, wanda ya ci lambar Heisman ta gwarzon ɗan wasan shekara a 2005, sai da ya maida ita a 2010 saboda abin da shi da iyalinsa suka karɓa. A 2024 aka dawo masa da ita.

Rushewar ta zo a jere. A Oktoban 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa, inda yaro ke sa sunansa kowace jami'a ta gani, ba sai da izinin kowa ba. A Afrilun 2021 aka janye zaman shekara ɗaya ga mai sauyi na farko, a 2024 aka janye shi gaba ɗaya. A Yunin 2021 alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci baki ɗaya cewa NCAA ba ta fi ƙarfin dokar hana danniya a kasuwa ba, kuma daga 1 ga Yuli na wannan shekara aka halatta ma ɗan wasa ya sayar da sunansa da hotonsa. Nan da nan attajirai suka kafa asusu, abin da aka rufe SMU saboda shi ya zama ana yinsa da rana tsaka. A Yunin 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya tilasta biyan tsofaffin ƴan wasa kimanin dala miliyar 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar raba ma ƴan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, wato sama da miliyar 11 na sefa, kaso mafi tsoka ga ƴan wannan wasa.

Ban ga wanda zai ce an zalunci jami'o'i ba. Haƙƙi ne da aka daɗe ana dannewa. Amma ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar yaro ya koya masa awo da lissafi da hanyar Kano, ya haɗa shi da abokan cinikinsa, sannan ranar da ya fara amfani maƙwabci ya ƙara masa jika biyar ya ɗauke shi, ya san tambayar da ke biye: gobe wa zai sake ɓata shekara uku a kan sabon yaro? Ma'aikacin gwamnati ma ya san dalilin da ya sa ake sa wanda ƙasa ta karantar ya sa hannu kan alƙawarin aikin shekara goma. A tamola, FIFA ta tanadi diyyar raino, har da kashi 5 bisa 100 na kuɗin sayen ɗan wasa da ake raba ma kulob-kulob ɗin da suka tashe shi. A ƙwallon jami'o'in Amurka babu wata doka ta bai ɗaya irin wannan.

Cam Ward misali ne. Ba wanda ya ba shi ko tauraro ɗaya a lise. Wata ƙaramar jami'a a San Antonio, Incarnate Word, ita ta ɗauke shi ta maida shi madugu, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari. Bayan kaka biyu ya koma Washington State, bayan wasu biyu ya koma Mayami, a 2025 shi ne na farko da aka zaɓa a NFL. Shi ya ci riba, kuma ya cancanta. Jami'ar da ta gano shi sai labari. Manya ma ba su tsira ba. Saban ya ajiye aiki ranar 10 ga Janairu 2024, daga baya ya bayyana cewa abin da yawancin yara ke tambayarsa ya koma biyu: tabbacin za su shiga fili, da nawa za a biya su. Cikin kwanaki kaɗan wasu daga cikin gwanayensa suka watse, Caleb Downs ya tafi Ohio State, wadda ta ci kofi shekara ɗaya bayan haka da ƙungiyar da daraktan wasanninta ya ce an kashe ma kimanin dala miliyan 20.

Masu horo sun rabu. Dabo Swinney na Clemson, mai kofi biyu, 2016 da 2018, ya daɗe yana ƙin sayen yaran wasu, har a 2024 ya zama ba wanda ya ƙi ɗaukar ko ɗaya sai shi da makarantun soja uku. A ƙarshen shekarar ya sassauta. Deion Sanders kuwa da ya isa Kolorado a Disamban 2022 ya tarar da ƙungiyar da ta ci wasa 1 cikin 12, sai ya faɗa ma yaran ƙiri-ƙiri su nemi wani wuri, ya kawo sababbi sama da 50. Ya cika fili da ƴan kallo, ya ci wasa 4 a 2023 da 9 a 2024, amma da ɗansa da Travis Hunter suka tafi NFL, ginin ya sake zubewa.

Indiyana

Ana cikin haka sai ga abin da ba wanda ya lissafa. Jami'ar Indiyana da ƙwallon kwando aka san ta. A wannan wasa kuwa ta daɗe tana riƙe da sunan wadda aka fi cinyewa a tarihin babban rukuni. A ƙarshen 2023, bayan kakar ci 3 da kashi 9, ta ɗauki Curt Cignetti, dattijo ɗan shekara 62. Shi ne ya riƙe ma Saban sashen zawarci a Alabama daga 2007, sannan a 2011 ya bar wannan babban gida ya tafi wata ƙaramar jami'a a Pennsylvania domin ya zama mai gidan kansa, ya bi ta Elon, ya zauna James Madison shekara biyar. Da ƴan jarida suka tambaye shi yadda zai jawo yara zuwa Indiyana, sai ya ce shi cin wasa yake yi, mai shakka ya bincika sunansa a Google.

Abin da ya yi ya bambanta da na Sanders. Ya taho da mataimakansa da yara 13 daga James Madison, waɗanda ya raina da hannunsa, suka san lokacin tashi da yadda ake atisaye da abin da ba ya yafewa. Su ne suka koya ma saura halin gidan. Wajen saye kuma bai bi taurarin lise ba, ya nemi waɗanda suka riga suka buga wasanni da yawa a ƙananan jami'o'i, yana cewa abin da mutum ya yi ya fi masa abin da ake zaton zai yi. A 2024 Indiyana ta ci wasa 11. Don kakar 2025 ya ɗauko madugu Fernando Mendoza daga jami'ar Kaliforniya ta Berkeley, yaron da manyan jami'o'i ba su kula ba sa'ad da yake lise a Mayami. Mendoza ya ci lambar Heisman. Ranar 1 ga Janairu 2026 Indiyana ta haɗu da Alabama a gasar neman kofi ta yi mata 38 da 3, ranar 19 ga wata ta doke Mayami 27 da 21 ta ɗauki kofin ƙasa, wasa 16 ba a cinye ta ko sau ɗaya ba. Lissafin Bud Elliott, wanda ya daɗe ba a karya shi ba, ya karye, domin masu taurari huɗu da biyar a ƙungiyar ba su yi ko kusa da rabi ba.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa kuɗi ba komai ba ne. Ba haka ba ne: Indiyana tana cin rabon talabijin na Big Ten, attajiri Mark Cuban, tsohon ɗalibinta, ya sa hannu a aljihu, kuma a Oktoban 2025 ta ɗaure Cignetti da kwantiragin sama da dala miliyan 11 a shekara. Abin da ya bayyana shi ne raino bai mutu ba, wuri ya sauya. Yanzu a ƙananan jami'o'i ake yin shekarun wahala, manya kuma su tsinci wanda ya nuna. Halin gida ma, wanda a Nebraska ya ɗauki shekara 30 yana tsirowa daga ƙasar jahar, a Indiyana cikin mota ɗaya aka kawo shi, tare da mai horo.

James Madison, wadda aka kwashe ma mai horo da yara 13, ba ta kwanta ba. Ta ɗauki Bob Chesney daga wata jami'ar da ta fi ta ƙanƙanta, ya sake gina ƙungiyar cikin kaka biyu, har a Disamban 2025 ta shiga cikin 12 da ke neman kofin ƙasa, karo na farko a tarihinta. Kafin a buga wasan da Oregon ta fitar da ita, jami'ar UCLA ta Los Angeles ta riga ta sanar da cewa ta ɗauki Chesney.